Yaron da Aka Ce Ba Ya Ji

A watan Maris na 1902, saura shekara guda Turawa su ci Kano da yaƙi, wani likitan yara mai suna George Still ya tsaya gaban manyan likitocin birnin Landan ya yi musu lacca uku a kan wasu yara 43 da suka gagari iyayensu da malamansu. Da yawa daga cikin yaran hankalinsu lafiya lau, kuma ba a gidajen da tarbiyya ta lalace suka tashi ba. Sai dai ba sa iya tsayar da hankali a kan abu ɗaya, ba sa iya jira, abin da ya faɗo musu a rai shi za su aikata nan take. Abin da ya fi ɗaure wa Still kai shi ne horo ba ya kama su. A hukunta yaro da hantsi, ya yi kuka, ya ɗauki alkawari, kafin la'asar ya koma ruwa. Still ya ce wannan naƙasa ce a wajen kame kai da kiyaye ɗa'a, amma ya yi zaton asalinta na cikin halittar yaron, wataƙila ma gadonta ake yi. Mujallar Lancet ta buga laccocin a wannan shekarar. Tun kafin shi ma, a 1798, wani likita mai suna Alexander Crichton ya rubuta game da mutanen da ɗan ƙaramin motsi ke fisge musu hankali, ya ce duk malamin makaranta ya san irinsu.

Na waiwayi wannan tsohon labari ne saboda likitanci ya kwashe shekaru masu yawa kafin ya daina kallon wannan hali a matsayin lalacewar ɗa'a, mu kuwa a yawancin ajujuwanmu da tsakar gidajenmu har yau a nan muke tsaye. Larurar da duniya ke kira ADHD, wato larurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi, muna ganinta kullum. Ƙiriniya muke cewa, ko rawar kai, ko kunnen ƙashi, mu ɗauko bulala.

Abin da ya fara karya tsohuwar fahimta tsautsayi ne na alheri. A 1937, a wani asibitin yara masu matsalar ɗabi'a da ke jihar Rhode Island ta Amurka, likita Charles Bradley yana neman abin da zai rage wa yara ciwon kan da suke yi bayan wani gwajin ƙwaƙwalwa mai wahala. Ya ba yara 30 wani magani mai suna Benzedrine, wanda aikinsa zaburar da jiki ne da kore barci. Ciwon kai bai wani ragu ba. Malaman da ke koyar da yaran ne suka zo da labari: kusan rabinsu sun sauya a cikin aji, suna zama, suna gama aiki, suna fahimtar abin da a da ba ya shiga. Yaran da kansu suka riƙa kiran maganin ƙwayar lissafi. To, a nan ne tambaya ta taso. In da rashin kunya ce ko taurin kai, ta yaya ƙwayar magani za ta gyara su cikin awa guda? Kuma me ya sa maganin da ke ƙara wa mutum kuzari shi ne ya kwantar da yaron da ba ya zama wuri ɗaya? Amsar da aka samu daga baya ita ce, sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke tsara aiki, ya hana mutum saurin yanke hukunci, ya riƙe hankali a kan abin da ake yi, shi ne ba ya aiki da ƙarfinsa a wajen waɗannan yara. Sinadaran da ke isar da saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, musamman dofamin, ba sa gudana yadda ya kamata a wannan sashe. Doki ne mai ƙarfi, linzaminsa ne ya yi sako-sako, maganin kuma linzamin yake ɗaurewa.

Daga nan abubuwa suka bi juna. A 1944 wani masanin haɗa magunguna a birnin Basel na Suwizalan, Leandro Panizzon, ya haɗa maganin da aka sa wa suna Ritalin. A farkon shekarun 1970 Virginia Douglas ta Jami'ar McGill a Kanada ta nuna cewa tsalle-tsallen da ido ke gani ba su ne tushen matsalar ba, tushen shi ne kasa riƙe hankali da kasa danne zuciya. Wannan ya sa kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya sauya wa larurar suna a 1980, sannan a 1987 ta sami sunan da ake kiranta da shi yau. A 2007 kuma masu bincike a Amurka suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar ɗaruruwan yara a tsawon shekaru, suka ga cewa ɓawon ƙwaƙwalwar masu larurar yana jinkirin kammala girma da kimanin shekara uku, musamman a sashen gaba. Wato yaro ɗan shekara goma zai iya zama da basirar ɗan shekara goma, amma kamun kansa na ɗan shekara bakwai.

A firamaren da na yi akwai wani yaro da ke zama a benci na ƙarshe, jikin taga. Kullum aljihun rigarsa da tabon biro, maɓalli ɗaya a tsinke, jakarsa cike da tarkacen da ba na karatu ba: murfin kwalba, guntun waya, mataccen batir. Malam zai rubuta lissafi goma a allo, ya yi biyun farko daidai, na uku ya tsaya a rabi, sauran shafin kuma zanen mota. In an yi tambaya ya amsa tun ba a kai ƙarshenta ba. In tsuntsu ya sauka a kan dalbejiyar da ke bakin taga, to shi da darasi sai gobe. Babu irin horon da bai sha ba, kamun kunne, tsallen kwaɗo, durƙuso a rana, tsumagiya. Wata rana mahaifiyarsa ta zo, ta tsaya a bakin ƙofar aji tana gyara mayafi, muna jin abin da suke faɗa.

"Malam, ni dai na rasa yadda zan yi da shi. A gida ma haka yake. In na aike shi sayen gishiri ya dawo da ashana, ko kuma sai na tura an nemo shi."

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, wallahi ya fi da yawa daga cikinsu kai. Rashin ji ne kawai. Sai mun dage masa, ke a gida, ni a nan."

Duk su biyun son yaron suke yi, kuma abin da suka sani ke nan. Aka dage masa. Shi ne ya gyara wa malamin rediyonsa da ta daina magana, ya zauna a kanta tun daga tara har aka tashi bai ɗaga kai ba. Bai gama aji shida ba. An kai shi koyon sana'a wuri-wuri, ko'ina ya fara da zafi, bayan 'yan watanni a ce ya gudu ko an kore shi. Babu wanda ya taɓa tunanin kai shi wajen likita, domin a lokacin babu wanda ya san akwai abin da likita zai duba.

Maganar rediyon nan ita ce hujjar da iyaye suka fi kawowa har gobe. Za ka ji uba yana cewa, "Ai ƙarya yake yi, in ka ba shi waya ko ka kunna masa ƙwallo sai ya yi awa uku bai motsa ba." Gaskiya ne yana iyawa, kuma wannan yana cikin siffofin larurar. Mai ita ba hankalin ya rasa ba, juya shi zuwa inda ake so ne ke gagararsa. Abin da ke ba shi daɗi nan take yana kama shi har ya manta da abinci. Abin da ladansa ke nesa, kamar haddar jadawalin lissafi ko wankin kwanuka, shi ne ke zame masa dutse.

Ba kowane ɗan ƙiriniya ne ke da wannan larura ba, kuma wannan magana tana da muhimmanci ƙwarai. Ƙa'idar da likitoci ke bi tun 2013 ta ce sai an ga alamu aƙalla shida daga cikin tara na rashin natsuwa, ko shida daga cikin tara na yawan motsi da gaggawa, sun daɗe wata shida ko fiye, sun fara tun kafin shekara 12, ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da boko da islamiyya, kuma suna cutar da karatun yaron ko zamansa da mutane. Yaron da ke tayar da hankalin gida amma a makaranta tsit yake, wani abu ne daban ke damunsa.

Akwai kuma waɗanda ba sa tsalle ko kaɗan, kuma su ne suka fi ba ni tausayi, domin yawancinsu mata ne. Yarinya tana zaune shiru a aji, idonta a kan allo, hankalinta ya yi nisan kiwo. A gida ta ɗora tukunya ta manta, ta ajiye kuɗin cefane ta rasa inda ta sa. Tun da ba ta damun kowa, babu mai lura, sai dai a ce shashasha ce ko sokuwa. Ta girma, a yi mata aure, gidan miji a ce ƙazama ce marar tsari. A tsakanin yara, an fi gano larurar a wajen maza da kimanin ninki biyu, kuma masana da dama na ganin wani ɓangare na wannan rata shirun 'yan mata ne. Larurar ba ta ƙarewa da balaga a wajen kowa. An ƙiyasta kimanin kashi 2.5 cikin ɗari na manya suna tare da ita.

Masu cewa cutar Turawa ce su dubi alƙaluma. A 2007 Guilherme Polanczyk, ɗan ƙasar Birazil, da abokan aikinsa suka tattara bincike fiye da ɗari daga sassan duniya, suka sami kimanin kashi 5 cikin ɗari na yara. A wannan shekarar aka buga wani bincike da aka yi a garin Ilesha na jihar Osun a kan 'yan firamare sama da dubu, aka sami kashi 8.7. Wani nazari na 2020 da ya haɗa binciken da aka yi a ƙasashen Afirka ya ba da kusan kashi 7.5. Mu ɗauki mafi ƙanƙanta. A ajin da ke da ɗalibai ɗari, irin wanda ba baƙon abu ba ne a makarantun gwamnati na Kano ko Katsina, yara biyar ke nan a gaban malami ɗaya mai alli ɗaya.

Game da musabbabi, gado ne kan gaba. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna kusan kashi 74 cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan hali daga gado yake, kusan kamar tsawo. Shi ya sa sau da yawa uban da ke dukan yaro a kan mantuwa shi ma bai san inda ya ajiye makullin babur ba, kuma shi ma haka aka dake shi. Haihuwar bakwaini da ƙarancin nauyi a lokacin haihuwa suna ƙara haɗarin. Haka gubar dalma, wadda mu ba labarinta muka ji ba, mun gan ta: a 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara da ake sarrafa zinare, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, kuma an san dalma tana taɓa natsuwa da koyon yaran da suka tsira. Sukari kuwa, da ake yawan ɗora wa laifi, an tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansa a 1995 ba a ga yana sauya ɗabi'ar yara ba. Rashin tarbiyya ba ya haifar da larurar. Abin da ke faruwa a gida dai yana iya sauƙaƙa ta ko ya tsananta ta.

A nan ne nake son mu tsaya mu yi tunani a kan duka. Muna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma babu mai musun yaro yana bukatar horo. Amma horo yana amfani ne ga wanda ya iya ya ƙi. Wanda ya so ya kasa, duka ba ya koya masa komai sai tsoro da ƙarya da ƙin makaranta. Ibn Khaldun ya faɗi haka a cikin Muƙaddima tun ƙarni na 14, cewa tsananta wa ɗalibi yana kashe masa zuciya, ya koya masa ƙarya da yaudara don ya tsere wa hannun da ke dukansa. Yaron da tun yana shekara shida yake jin "kai ba ka da amfani" safe da yamma, in ya kai sha biyar ya riga ya yarda. Sai ya nemi inda ake karɓarsa, kuma mun san su wa ke karɓar irinsa a bakin layi. In abin ya gagara, wasu iyayen su kai shi gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Kowanensu da dalilin da ya kai shi, amma duk wanda ya san yadda ake kiran yaro kangararre a ƙasar nan ya san akwai waɗanda likita ya kamata su fara gani.

Sakacin yana da tsada ko a inda ake da asibitoci. A Denmak an bi rayuwar mutum kusan miliyan biyu, binciken da aka buga a 2015 ya nuna masu larurar sun ninka sauran haɗarin mutuwa da wuri, galibi ta hanyar haɗurra. A Suwidin, wani bincike na 2012 a kan mutum sama da dubu 25 masu larurar ya nuna cewa a lokutan da suke shan magani aikata laifi ya ragu da kashi 32 cikin ɗari a wajen maza, 41 a wajen mata. Ka tuna da samarinmu da ke kan babur da Keke Napep daga safe har dare.

Amurka ce ta fi kowa nisa a wayar da kai, kuma a tafiyarta akwai abin koyi, akwai abin gudu. A 1987 wasu iyaye a jihar Florida suka kafa ƙungiyar CHADD. A 2004 Majalisar Dattawan ƙasar ta ware ranar 7 ga Satumba don wayar da kai a kan larurar, daga baya abin ya zama watan Oktoba gaba ɗaya. Fitattun mutane suka fito suka yi magana. Michael Phelps, mai ninƙayar da ya ci zinare 23 a gasar Olamfik, an gano yana da ita tun yana shekara tara, mahaifiyarsa malamar makaranta ce, ita ta tsaya masa. Wannan duk alheri ne. Amma kamfanonin magani ma sun shigo da tallarsu, har ya kai a 2022 kimanin kashi 11 cikin ɗari na yaran Amurka an taɓa ce musu suna da larurar, ninki biyu na abin da ake samu a duniya. Wani bincike na 2018 ya gano cewa a jihohin da sai yaro ya cika shekarun shiga makaranta zuwa ranar 1 ga Satumba ake ɗaukarsa, yaran da aka haifa a Agusta, wato ƙananan aji, sun fi waɗanda aka haifa a Satumba samun wannan shaida da kusan kashi 30 cikin ɗari. Ƙuruciya ce kawai aka mayar cuta a wajen wasunsu.

Mu namu haɗarin iri biyu ne. Na farko shi ne wanda muke ciki, rashin sani. Na biyu yana tafe ta waya, inda ɗan gajeren bidiyo zai jero alamu biyar, kowa ya ce ai ni ne, ya nufi kemis. Ƙasar da sai da gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda ya cinye matasa ba ta bukatar wata sabuwar ƙwaya a hannun masu talla. Ritalin da danginsa suna cikin magungunan da dokar duniya ta 1971 ta sa wa tsauraran matakai. Suna aiki sosai in likita ya rubuta, ya auna, ya bi sawu, domin suna iya rage cin abinci da barci, su ɗaga bugun zuciya. Ga yaran da ba su kai shekara shida ba ma, likitocin yara na Amurka sun ce a fara da koya wa iyaye dabarun tafiyar da yaron kafin a yi zancen magani. Kuma kafin a ce ADHD ce, sai an kore wasu abubuwa da suka fi yawa a wajenmu: yaron da ya zo aji bai karya ba, wanda ba ya ji sosai ko ba ya ganin allo, mai ƙarancin jini, mai irin farfaɗiyar nan da ke ɗauke mutum na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da ya faɗi ba, da yaron da ya ga an kai hari ƙauyensu, barci ya ƙaurace masa.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, masu kula da yara a cikinsu kuwa 'yan ƙalilan ne. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ci gaba ce, amma doka ba ta zama a aji. Saboda haka ni a ganina wayar da kan da za ta yi mana amfani ba ta otal da alluna ba ce. A kai ta kwalejojin horar da malamai, a kai ta ga malaman islamiyya da alarammomi, a kai ta rediyo da harshen da uwa ke ji tana tuƙa tuwo, a kai ta ga ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi. Yawancin abin da ke taimakon yaron nan ba ya cin ko kwabo. A ɗauke shi daga jikin taga a dawo da shi gaban malam. A ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ana kallon idonsa, ya maimaita abin da aka ce. Lissafi goma a raba masa uku-uku. A mayar da motsinsa aiki: shi zai goge allo, shi zai raba littattafai, shi zai kai saƙo ofis. In ya yi daidai a yaba masa nan take, kada a bari sai ƙarshen zango. A gida a tsayar masa da lokacin barci da wurin ajiye jaka, in za a aike shi sayen abu uku a rubuta masa a takarda.

In an yi duk wannan na 'yan watanni abin bai sauya ba, sai a nemi likita. Akwai sashen yara da na ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace, kuma addu'a da neman magani ba sa karo da juna. Uwa ta tafi da littattafan aikinsa na makaranta, da takardar sakamakon zango biyu ko uku, da ɗan rubutu daga malamin boko da na islamiyya a kan abin da kowannensu ke gani. Likita zai tambayi yadda aka haife shi, da cututtukan da ya yi yana ƙarami, da ko akwai mai irin halinsa a dangi, don haka ya fi kyau uban ma ya je.